Na'urar da Ba Ta San "Ɗa" Ba

Zuwa ga ɗana na fari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ƙanwarka Binta ce ke danna waya, ni nake faɗa, don ka san ban yi boko ba, kuma ba yanzu zan fara ba.

Damina shida ke nan ina ɗauke da magana ɗaya. Duk wanda na kai wa sai ya ce, "Baba, a yi haƙuri." Mutuwarka na yi haƙurinta, Mai abu ne Ya karɓi abinsa. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne har yau ban san inda aka kwantar da kai ba.

Ka bi motar masara daga Bakori za ku kudu, motar ta kife. Da labari ya iso Dayi na bar dawa a tsaye a gona na bi sawunka. A asibitin garin da aka kai ku aka nuna mini wata taga, da mutum zaune gaban kwamfuta. Ya ce in faɗi sunan wanda nake nema.

Ka sani, tunda aka raɗa maka suna bakina bai taɓa kama shi ba. Ɗan fari ne kai. "Kai wannan" nake ce maka, gida da gona, ka amsa kana murmushi. Ran nan, a gaban baƙon ido, na ajiye kunya na ce Ɗayyabu. Ya danna, ya ce babu. Na sake faɗa da ƙarfi, ko bai ji ba. Babu. Kwana uku ina komawa tagar nan. Ashe kana ɗakin gawa, bango kawai tsakaninmu.

Sai bayan wata biyu wata ma'aikaciya Bahaushiya ta dawo daga hutu, ta ji labari, ta nemo ni. Ita ta karɓe ka da sauran ranka. Ka faɗa mata sunanka, ta rubuta shi daidai, da harafinmu mai ƙugiya. Ta ce wai kowane harafi da lambarsa a cikin na'ura, da lambar take gane shi. Tasu tsohuwa ce, lambobin haruffan Bature kaɗai ta sani. Da ta ci karo da namu sai ta jefar, ta dasa alamar tambaya a kan sunanka. Mai neman ka kuwa da "Da" yake nema. Da aka ga ba wanda ya zo, aka haɗa ka da marasa kowa aka binne.

Kana ji? Wadda ta girmama sunanka ita ke kuka, wai da ta rubuta shi a karkace da na same ka.

Ni a allo na san harafin nan, ɗa mai hannu. Da shi kakanka ya rubuta sunanka ranar suna, takardar tana cikin akwatina, ko ɗigo bai goge ba. Yanzu an ce an sabunta musu na'ura, ta san "ɗa". To ta sani mana, bayan ta cinye nawa.

Mahaifiyarka ta daina tambaya. Ni ban daina ba. Gwiwata ta fara ƙin tafiya, kuma ina so in tsaya a kanka ko sau ɗaya kafin a kira ni.

Allah Ya jiƙanka, Ɗayyabu. Ka ga yanzu ina faɗa ba kunya. Allah Ya haskaka makwancinka, Shi da bai taɓa ɓatar da harafi ba.

Ku kuma masu karantawa idan Binta ta watsa wasiƙar nan, kada wanda ya sake rubuto mini haƙuri. Akwai wanda ya haƙa ramin nan, akwai wanda ya sa hannu a takarda. A cikinku wani ya fito ya nuna mini kabarin ɗana.

Ni ne mahaifinka,
Malam Audu, Dayi.