Banabal Ɗin Gidanmu

Daga admin: Wata 'yar'uwa ce ta turo wannan, ta roƙi a ɓoye sunanta. A ba ta shawara cikin mutunci.

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure, ina gaida manya da ƙanana, musamman masu aikin likita a cikinku, don ku na fi buƙata yau. Don Allah ku ba ni shawara. Na daɗe ina karanta matsalolin wasu ina cewa da ni ce da na yi kaza, yau ga tawa ta zo na rasa kazan da zan yi.

Ni budurwa ce daga wani ƙauye a yankin Gidan Sori, bana na ci birebe, wato jarrabawar gama kolej. Tun ina ƙarama nake son aikin jinya, ko kuma in ce tun ina ƙarama aka so mini shi har na ɗauka ni ke so. Wanda ya so mini kuwa kakana ne, mahaifin babana, Baba Tsoho muke ce masa. Shi saurayi ne lokacin da ƙasar nan ta samu 'yancin kai, kuma labari guda gare shi na zamanin, mun ji shi har mun haddace. Wai masu lamba, wato rigakafi, suka zo garinmu, a cikinsu akwai wani anfirme, wato ma'aikacin jinya, Bahaushe ɗan'uwanmu, sanye da farar riga, mai gari da kansa ya tashi daga buzunsa ya ba shi. In ya zo nan sai ya naɗe hannun riga ya nuna mana tabon lambar, kamar ba mu taɓa gani ba. Tun ranar ya ce sai an yi mai farar riga a zuriyarsa. 'Ya'yansa duka gona ta riƙe su, sai ya koma kan jikoki. Abin da ya kamata ku sani game da shi, Baba Tsoho bai yi lakol ba, wato makarantar boko, amma yana son kalmomin nasara, kumandan, sarjan, majo, kuma a wurinsa duk kalmar da aka sa gaban sunan mutum to girma ce gwamnati ta ba shi.

Wadda ta fara cika masa buri ɗiyar wan babana ce, bari in kira ta Yaya Rabi, ba sunanta ba ne. Ta yi shekara uku a wata lakol ɗin lafiya mai zaman kanta a Maraɗi, ba zan faɗi sunan lakol ɗin ba, ta gama, ta yi aure can wajen Gazawa, tana aiki a likitar ƙauyen mijinta, wato ɗan asibitinsu. A gidanmu kowa ya san girmanta, Banabal ce. Haka Baba Tsoho ke faɗi, haka muka taso muna faɗi. In an yi baƙo sai ya gaya masa jikarsa Banabal ce, saura taki ɗaya ta taka majo, shugaban likita. Na san masu Faransanci a cikinku sun fara murmushi, ku yi haƙuri da ni. Na yi lakol, na san kalmar a takarda, amma a bakin Baba Tsoho ta zama wani abu daban, ban taɓa haɗa su ba. In Yaya Rabi ta zo sallah da sabulu da sukari da turmin zane na innarta, wa zai tsaya tambaya.

To da sakamakona ya fito babu ma wanda ya yi shawara, lakol ɗin Yaya Rabi zan shiga, in an cire wake a kai ni rajista. Sai da na je yi wa wani malaminmu godiya ya ce mini kafin in sa ƙafa a kowace lakol ɗin lafiya in binciki abu biyu, ko ɗalibanta na zama jarrabawar gwamnati, in kuma nemi wanda ya gama can in ga da idona abin da yake yi. Na yi dariya a raina, na ce na biyun ai a gida nake da shi.

Na farkon muka je da babana. Lakol ɗin ba laifi a ido, an sha fenti, ga ƙaton allo da hoton wata mata tana murmushi da abin awo a wuya, ga 'yan mata cikin fararen riguna suna shiga da fita. An nuna mana ɗakin gwaji, da gado da wani mutum-mutumin roba kwance a kai, babana ya yi ta kallonsa har da cewa sannu. Da na tambayi mutumin buro, wato ofishinsu, maganar jarrabawar gwamnati, ya ce komai na kan hanya, takardunsu suna Yamai saura sa hannu, kafin mu gama an daɗe da kammalawa. Ya kuma ce in ina shakka in tambayi waɗanda suka gama, suna nan cike da likitocin jihar nan suna aiki. Babana ya ce ai mu shaida ne, ɗiyarmu Banabal ce. Mutumin ya kalle shi, ya ce madalla, bai ƙara komai ba. A lokacin na ɗauka kirki ne.

Sai na ce bari in cika na biyun ko don in ce na yi, dama ban taɓa zuwa gidan Yaya Rabi ba. Na hau kabu-kabu zuwa Tibiri, na shiga Maraɗi, na kama motar Gazawa, muka tsaya Agiye aka yi ta lodin buhuna har ƙafata ta mutu. Ban gaya mata ina tafe ba, na so in gan ta a bakin aiki. Da na isa likitar na tarar da wata ma'aikaciya a baranda tana auna jarirai, na gaishe ta, na gyara murya na ce Banabal nake nema. Ta ce wacce daga ciki, benebol ɗinmu ai suna da yawa. Yadda ta faɗi kalmar, da bakin wadda ta yi lakol, nan take na gan ta a rubuce a idona. Mai aikin sa kai. Wanda ke zuwa ya yi aiki ba albashi, ba lamba a gwamnati, ranar da aka ce ya tafi ya tafi.

Zan so in ce muku na yi kuka ko jiri ya ɗebe ni, amma ban ji komai ba. Na zauna kan benci cikin mata masu goyo, wata ta miƙo mini ɗanta in riƙe mata za ta zagaya, na riƙe. Har Yaya Rabi ta fito cikin farar rigarta ta gan ni ina jijjiga ɗan mutane. Ta dube ni sau ɗaya ta san na ji.

A gidanta da rana, muna cin tuwo, ta ba ni labarin ba tare da na tambaya ba. Ta ce zama benebol ba abin kunya ba ne, da yawa masu takarda mai kyau suna yi kafin a ɗauke su, su jira suke yi. Ita kuwa ba abin da take jira. Shekarar da suka gama aka ce musu takardun lakol na kan hanya, aka ba su shaidar lakol ɗin, aka yi biki aka ɗauki hoto. Duk lokacin da aka buɗe ɗaukar ma'aikata ta kai takardunta, a dawo mata da su, a ce wannan ba ta gwamnati ba ce. Majo ɗin wurin ya bar ta tana aiki ne don hannu ya yi musu kaɗan, kuma ta iya, amma ta ce mafi yawan abin da ta iya a nan ta koya. Sabulu da sukarin sallah kuwa daga zannuwan da take sarowa ƙetaren iyaka ne, tana bi gida gida da yamma. Na tambaye ta don me ta yi wa tsoho ƙarya.

Ta ce, "Ban yi mishi ƙarya ba, Auta. Sallar farko da na zo ya tambaye ni wane girma anka ba ni, na sunkuyar da kai na ce benebol nike, Baba. Gaskiya na hwaɗa mishi, sai dai da Faransanci. Ya tashi zaune ya ce Allahu akbar, sama da majo ko ƙasa? Na ce ƙasa. Ya ce ba komi, sannu sannu. Ke kin ga huskarshi ran nan, da kin iya gyara mishi?"

Na ci gaba da cin tuwona, har na ƙara miya. Da za ta raka ni tasha ta ce kada in shiga lakol ɗin nan, ta kuma ce kada in gaya wa kowa dalili. Mahaifinta bai sani ba, innarta ba ta sani ba, dangin mijinta ma albashi suke jin tana ɗauka. Ta ce in bari tsohon nan ya ƙarasa kwanansa da Banabal ɗinsa, bayan nan ita da kanta za ta tara gida ta faɗa. Ta sa na ce na yi alkawari, na ce na yi. Ba ta gaya mini yadda ake ƙin abu a gidanmu ba tare da dalili ba.

Na gwada. Na ce wa babana ina so in jira in nemi lakol ɗin gwamnati, ko wata dabam wadda aka tabbatar. Ya ce wane irin jira, mutane nawa ke neman ta gwamnati su rasa, ga hanya a share yayata ta bi ta fita lafiya. Na ce mutumin buro bai ba ni amsa mai gamsarwa ba, ya ce to ni wace ce da za a gamsar, ko birebe ɗin ne ya fara hau mini kai. Innata ta ja ni ɗaki ta tambaye ni ko wani saurayi ne ke hure mini kunne. Magana ta zaga har gidan wan babana, aka ce wai na je na ga daular Yaya Rabi na dawo da hassada, ina neman in fi ta. Innar Yaya Rabi ta daina amsa gaisuwata. Ina jin su duka, ina tsintar wake, ina daka, ina kai ruwa, abin kamar a kan wata ake yi ba ni ba.

Don kada in zalunci lakol ɗin, na sake kiran buro ɗinsu a waya. Wata mata ta ɗauka ta ce bana kam an gama komai, 'yan ajinmu za su zauna jarrabawar gwamnati. Na kira Yaya Rabi na gaya mata, ta ce kalma ɗaya ba a canja ba, haka aka ce musu ranar rajista. To amma mai yiwuwa bana gaskiya ne, ni ban sani ba, kuma ban san ƙofar da ake bugawa a tambaya ba. Ga maƙwabtanmu sun ce in na shiga, baɗi su ma za su kai tasu ɗiyar.

An gama cire wake, babana ya ce kasuwa mai zuwa in ta tashi za mu Maraɗi. Jiya da hantsi Baba Tsoho ya sa aka kira ni zaure, babana na nan, wansa na nan, innata na bakin ƙofa. Yanzu ba ya gani sosai, sai da ya lalubo kaina. Ya fara da tsokanar da ya saba, ya ce amarya in kin sa farar riga kada ki ce angonki ya tsufa. Aka yi dariya. Sannan ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Allah shi maishe ki Banabal kamar yayarki. Allah shi sa ki daɗe kina yi."

Zaure duka ya ce amin. Sai da innata ta zungure ni da ƙafa sannan na ce amin.

To 'yan'uwa ga inda nake. Masu aikin likita, don Allah wane buro ake zuwa a Maraɗi a tambayi ko gwamnati ta san da lakol, kuma za su saurari yarinya irina in na je ni kaɗai? In ma na samo amsar, babana ba buro zai yarda da shi ba, Yaya Rabi zai nuna mini, kuma ba abin da zai sauke shi sai in na fassara masa kalmar nan. In na fassara na karya alkawari, na tona yayata a gidansu da gidan mijinta, na kuma karɓe wa tsoho abin da ya jira tun yana saurayi. In na yi shiru, shekara uku ne na rayuwata da waken babana, in fito in tarar da abin da ta tarar. Har yanzu ban ji tsoro ba, ban ji haushin kowa ba, kayana ma na wanke na ninke. Ku gaya mini, in buɗe baki kafin ranar kasuwa, ko in bari addu'ar Baba Tsoho ta kama ni?