Gudu da Sunan Gidan Siddo

Litinin, 17 ga Yuni 1957

Ɗana Cha'ibu ya dawo daga lekol, makarantar boko, da labari. Wai ranar Katorz, bikin Faransawa na 14 ga Yuli, gaban kumandan, sabon darakta zai karrama gidajen da suka daɗe suna yi wa lekol tsere, kaka da uba da jika. Gidan farko, gidan Siddo. Na ce ya sake faɗi, ya sake. Don haushi na ɗinka hannun rigar wani a baibai, sai da na farke.

Laraba, 19 ga Yuni

Gidan Siddo! Wa bai san maganar ba duk Gaya? Da Nasara suka ce kowane babban gida ya ba da yaro lekol, tsoho Siddo ya ɓoye ɗansa cikin rumbu, ya tura ɗan baransa. Baba ke nan. Aka kira shi Bawa Siddo. Da lokacina ya zo, haka aka yi da ni a madadin Hamani, jikan tsohon, na zama Isufu Siddo. Baba ya ci tsere har ya gaji, ni kuma har Doso aka kai ni na ci. Hamani kuwa, Alhaji Hamani yanzu, sau ɗaya na ga ya yi gudu, ranar da ragonsa ya bi shi.

Da zan sa Cha'ibu lekol na tsaya kai da fata, da sunana ya shiga. To yanzu boko ya fara daɗi, Alhaji ya sa ɗansa na cikinsa, Alassan. Shi ne wai jikan da zai cike jerin. Yaron da ke haki ko a kan jaki yake.

Asabar, 22 ga Yuni

Na je wurin darakta, na zayyana masa komai da faransancin da suka dake ni na koya. Ya yi murmushi, ya ce ai ni ma Siddo ne, sai in yi murna. Da ba Nasara ba ne, da na faɗa masa magana.

Juma'a, 28 ga Yuni

Bayan masallaci Alhaji ya tsaya rumfata. Rumfarsa dai, tunda jikin katangarsa take, nan keken ɗinkina yake tun ina saurayi. Ya tambayi lafiyar Baba, ya yaba ɗinki, sannan ya kawo abin da ya kawo shi.

"Isufu, ba shi kyau a karrama gida da hantsi, da azahar a ga ɗan gidan baya. Ka ce ma yaronka shi sassauta."

Na ce gudu ba ciniki ba ne, Alhaji. Ya dubi rufin rumfar, ya ce masu son wurin nan suna da yawa, shi dai zumunci yake dubawa. Ya tafi ya bar mini warin turarensa.

Talata, 2 ga Yuli

Na kai wa Baba maganar, ina zaton ko sau ɗaya jininsa zai motsa. Ina! Ko ɗago kai bai yi ba daga igiyar da yake tufka.

"Tuwonsu munka ci, Isufu. Mi a ciki in yaro ya sassauta rana guda?"

Na ce sunanka suka ɗauke, Baba. Ya ce suna ba ya cika tukunya. Mutumin nan ya tsufa yana durƙusa wa yaran da ya goya, har yau in Alhaji ya wuce shi ke fara cire takalmi. Na tashi na bar masa wurin. Allah ya yafe mini, amma wani lokaci kunyarsa nake ji.

Juma'a, 5 ga Yuli

Ba ma magana da Baba. Gaisuwa kawai.

Talata, 9 ga Yuli

Naman layya daga gidan Alhaji, cinya guda sukutum. Bara hanji suka aiko. Na ce wa matata Kadija ta mayar. Ta ce in na ga dama in ɗauka da kaina in ratsa unguwa da ita, ita dai ta riga ta sa gishiri. Ta ƙara da cewa in tuna hatsin rumbu ya kusa ƙasa, sabon gero kuma da saura, in aka kore ni rumfa haushi za mu dafa?

Na ci naman. Ya yi daɗi, abin da ya fi ɓata mini rai ke nan.

Asabar, 13 ga Yuli

Na ji Baba yana koya wa Cha'ibu yadda ake sassautawa ba a gane ba. Wai ya gajarta taki, ya riƙa dafa ciki. Mutumin da bai taɓa koya mini komai a kan gudu ba, yau ga shi malami. Yaron ya zo ya tsaya kaina ina kan keke, ya ce, "Baba, kai mi ka ce?" Ban dube shi ba. Na ce ya yi abin da kakansa ya ce.

To ni da Baba wa ya fi wani?

Lahadi, 14 ga Yuli

An yi. Kumandan ya rataya wa Alhaji lamba, darakta ya ambaci Bawa Siddo da Isufu Siddo, Alhaji yana gyaɗa kai kamar shi ya haife mu. Ni da Baba muna bayan igiya cikin rana, gardi, dogarin kumandan, na tura mu da sanda.

Sai tsere. Ashe ba ni kaɗai Alhaji ya ziyarta ba. Aka busa usur, yara duka suka tashi a hankali, kowa na satar kallon Alassan kada ya wuce shi. Shi kuma yana gaba yana fama da sabon takalminsa, fuska jiƙe da gumi. Ban taɓa ganin abin kunya irin wannan ba. Mutane suka fara dariya. Cha'ibu na can tsakiya yana dafa ciki yadda aka koya masa, kansa a ƙasa.

Ban ankara ba sai na ga Baba ya ɗaga igiya ya shiga fili. Sandarsa ma ya yar. Yana bin gefen fili yana ɗingishi, yana ihu da muryar da ban san yana da ita ba.

"Kai! Wane irin gudu na wanga? Ɗaga ƙafa! Tafi, don ubanka, tafi!"

Cha'ibu ya waiwayo sau ɗaya, sannan ya saki jiki. Sauran yaran da suka ga haka su ma suka ɓalle. Shi ya zo na ɗaya, da rata mai yawa. Alassan ya zo ƙarshe yana kuka. Shi kam na tausaya masa, ba shi ya ce a sa shi ba.

Alhaji bai jira an gama biki ba, ya tafi.

Litinin, 15 ga Yuli

Da safe na tarar da kekena a waje, an ɗora masa tabarma. Na gode da tabarmar.

Alhamis, 18 ga Yuli

Ina gindin tsamiyar bakin hanyar kogi. In hadari ya taso sai in kinkimi keke in ruga zauren wani. Aiki ya ragu, masu hulɗa da Alhaji sun janye kayansu. Kadija ta rage mudun da take awo da shi.

Asabar, 20 ga Yuli

Kullum yanzu Baba sai ya zo da buzunsa ya zauna gefena. Muryarsa ba ta gama dawowa ba. Yau Alhaji ya wuce a kan doki. Na ga hannun Baba ya nufi takalmi, ya tsaya, ya koma kan gwiwa. Sun gaisa dai.

Da ya wuce na ce, Baba, kai ka ce a sassauta, kai kuma ka jawo mana gindin itace. 

"Na ɗauka ina iya kallo," in ji shi.

Har yanzu akwai abubuwan da nake jin haushinsa a kai, ba su tafi ba. Rana ta juyo kansa, na ja keke gefe na bar masa inuwar. Sai na ji bakina yana tambayarsa yadda aka yi ya ci tserensa na fari. Ban taɓa tambaya ba. Har la'asar yana ba ni labari, ban ɗinka komai ba.