Wayar da Ke Cikin Hancin Kifi

Litinin, 3 ga Yuni

Kai, ilimi abin so ne. Yarinya ta yi shekara da shekaru a jami'a, gwamnati ta biya mata kuɗin jirgi har Alaska, don kawai ta tsaya bakin gaɓa cikin ruwan sama tana roƙon kan kifi. Tova sunanta. Duk kifin salmon da ta ga ba shi da ɗan fiffiken nan na kusa da wutsiya, sai ta datse kan ta jefa a leda. Na ce, "'Yata, in yunwa ce ki faɗa, akwai romo a tukunya." Ta ma yi godiya. Ba ta gane ba.

Alhamis, 6 ga Yuni

Maganar da ake ta yi a gari ta tabbata. Kifin kogin arewa ya ragu, ana zargin jiragen gaɓarmu ne ke tare shi a hanya, za a iya hana kamu bana. Ƙanena Rufino ya ce in aka rufe zai sayar da jirginsa ya koma Seattle. Shi kaɗai ya rage mini a garin nan. Kifin da nake bandawa ma nasa ne.

Juma'a, 14 ga Yuni

Goggo Vesta ta zo sayen kan kifi, babu. Tsohuwar nan ba ta cin tsokar kifi, ido da kunci take so. Ta zare wa Tova ido: "Ke ce ɓarauniyar miyata?"

Tova ta yi bayani, har da hannu. Wai kifin gidan ƙyanƙyasa ne ake yanke wa fiffiken tun yana ɗan tsito, a cusa masa waya a hanci, siririya kamar gashin ido, da lambar inda aka haife shi. Goggo ta ce, "To mu da muka shekara saba'in muna tsotsar hanci, waya nawa ke cikinmu?" Na yi dariya har na ƙone kifi.

Talata, 2 ga Yuli

Rufino ya fara goge jirgi yana ɗaukar hoto. Ban tambaye shi ba.

Asabar, 20 ga Yuli

An gama karanta wayoyin, da ɓawon kifin da Tova take kankara tana liƙawa a takarda don bincike. Yawancin abin da jiragenmu ke kamawa na gidan ƙyanƙyasa ne. Na kogin arewa ta wani mashigi daban yake bi, can za a rufe. Gaɓarmu a buɗe!

Rufino ya shigo yana warin man inji: "Yaya, wannan 'yar da kike kira Uwar Kawunan Kifi fa?" Na ce, "Ni? Yaushe? Rufe mini ƙofa, hayaƙi na fita." Sai da ya tafi na zauna. Na gode Allah.

Litinin, 22 ga Yuli

Kifi goma sha wani abu suka zo da safe. Kafin in taɓa wuƙa sai na ga yatsana na lalubar bayan wutsiya. Sabo ne kawai. Biyu ba fiffike, na sa kawunan a ƙanƙara. Na naɗe wa Tova bandar ciki mai maiƙo, wadda ba na sayar wa kowa, don dai ta yi rama da yawa. Goggo Vesta ma ta kawo kai ɗaya, daga tukunyarta ta tsamo shi, ta ce a duba.

Kusan wata biyu ina yi wa Tova dariya. To tsakanin ni da ita, wa ke roƙon kan kifi yanzu?