Kafin Ku Karɓe Rumfar Babana Saboda Leda

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tsabtar Kasuwarmu,

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, da iyali, da aiki, da jama'a.

Bayan haka, Yallaɓai, ka taɓa naɗe ɗanyar hanta a takarda ka ɗaura a bayan babur daga Mafara har Kaya? Na tambaya ne don in san ko cikin waɗanda suka zauna suka hana leda a kasuwar nan akwai wanda ya taɓa riƙe nama kafin a dafa shi.

Ni ɗan mahauci ne. Rumfar da nake tsayuwa da Babana a layin 'yan nama, kakana ya kafa ta. Sau biyu mutanenka suka kama mu da leda, kuma an aiko mana cewa Talata mai zuwa kwamiti zai zauna a kan karɓe rumfar a ba wani. Shi ya sa na rubuto a fili, don maganar ofis da ƙofa rufe ba ta da shaida.

Kada wani ya ce ina kare leda. Mu muke farke tumbi. Na sha zaro ta daga cikin saniya, a dunƙule kamar ƙullin tsumma, dabbar ta rame sai ƙashi. Ba mai koya wa mahauci sharrin leda. Abin da kuka kawo a madadinta nake tuhuma.

Na farko, takarda. Wani dattijo ya zo daga Kaya sayen kayan ciki, 'yarsa ta haihu. Muka bi doka muka naɗe masa a takarda ninki uku. Ko bakin kasuwa bai kai ba ta jiƙe ta yage, kayan mai jego suka zube a ƙasa. Ya dawo yana kakkaɓe yashi. Baba ya wanke masa tas, ya sa a leda. Kamunmu na farko ke nan.

Kamun na biyu ya fi ci mini rai. Baba bai yi boko ba, kuma ba ya naɗe nama a takarda mai rubutu sai na karanta masa abin da ke ciki. Ni ma makarantata ba ta yi nisa ba, a irin waɗannan takardun na ƙarasa koyon karatu. Ranar nan muka buɗe ɗaurin da muka sayo a shagon da kwamiti ya nuna mana, ashe tsofaffin littattafai ne aka yanka. A tsakiya sai ga shafukan littafin addini, ga Bisimilla, ga ayoyi. Wannan ko Baba bai nemi mai karanta masa ba. Ya wanke hannu, ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya kai wa liman, ya ce sauran ma ba zai taɓa ba. Ranar da leda muka yi ciniki, ranar kuma aka sake kama mu. To Yallaɓai, da kai ne, a kan aya za ka aza tsoka mai jini?

Kuma ita takardar, in ta sha jini ina take zuwa? Ƙona ta ake yi a bayan layi. Na karanta cewa da itace ake yin ta. Mu da dajinmu ya ƙare a murhu, wai mu za a ce wa takarda ce gyaran muhalli.

Na biyu, jakar da aka ce a riƙa wankewa ana sake amfani da ita. Na ƙyasta ashana na kara mata. Ba ta yi toka kamar auduga ba, narkewa ta yi tana ɗiga, da warin nan da kowa ya sani. Leda ce aka yi wa hannu. In jini ya shige ta, sai ruwa da sabulu, a unguwar da ruwan sha ma sai an jira ɗan ga-ruwa. Wanda bai wanke ba, ƙuda ke raka shi gida. Hannun kuma bai daɗewa yake tsinkewa, ta koma bola, inda shanun nan dai suke kiwo.

Na uku, kuma nan ne zuciyata ta ƙi kwanciya. Shago ɗaya tak ke sayar da jakar da takardar. Yana bayan layinmu, da idona na ga ana sauke dilolin tun kafin mai shela ya zagaya da dokar. Wa ya gaya wa mai shagon abin da ke tafe? Sannan ledar ruwan sha, wadda ita muka fi samu a tumbi, ba wanda ya taɓa ta, ga ta nan ta toshe kwata. Ban ce shagon na wani cikinku ne ba. Ban sani ba. Amma dokar da ta tsallake mai motar ruwan leda ta faɗa kan mai teburin nama, dole a tambaye ta inda ta fito.

Da kun shigo layinmu kun tambaya, da tsofaffi sun gaya muku yadda ake yi kafin leda: a soke nama da kaba a rataya, kayan ciki kuma kowa ya zo da kwanonsa mai murfi. Ba ƙonawa, ba abin da saniya za ta haɗiye. Aibinsu ɗaya, ba mai samun kwangila a kansu.

Ga roƙona. A dakatar da zaman karɓe rumfar. A kwashe sauran ɗaurin takardun a duba su a gaban malamai. A bar mu da leda a kan kayan ciki kaɗai, har mutanen ƙauye su saba zuwa da kwano.

Allah shi ja zamaninka, shi ba ka ikon yin adalci, shi raba ka da masu kai maka rabin labari.

Amma amsa, Yallaɓai, kada a aiko mini da ita a kunne. Ka zo layin 'yan nama ranar kasuwa, a gaban Sarkin Fawa da duk mai kunne, ka faɗi sunan mai shagon, ka faɗi wanda ya zaɓe shi, ka faɗi laifin Babana. In ka faɗa jama'a suka yarda, ni da kaina zan cire rufin rumfar.

Wassalam.

Ɗan mahauci,
Layin 'yan nama.