Baba Ya Hau Raƙumin Ruwa

Sabon Gari, Maraɗi
Tsakiyar damina, 1952

Zuwa ga yayana Ilyasu a Kumasi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙane, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, kai da Atika da yara. Allah ya ƙara ƙarfin jiki, ya buɗa kasuwa, ya sa baƙunta ta yi albarka. Mu nan sai godiya. Gero ya fid da kai, gyaɗa ta rufe ƙasa. Matata Ramatu ta sauka lafiya, an samu ɗiya mace. Kumandan, Baturen mulki, ya sa ana gyaran hanyar Tibiri saboda motocin gyaɗa, amma ruwa na rushe abin da aka gina tun kafin ya bushe.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami maganar Baba ce, kada gabanka ya faɗi, alheri ne. Ka san yadda ya koma tun rasuwar Inna bara. Tuwo sai ya tsakura ya ture, hira babu, yana zaune a zaure kamar an dasa shi. Har malami muka kira, muka kai shi wurin likita, duk ba ta sake zane ba. To, wata ran Alhamis, mako uku ke nan, Gulbi ya kawo ruwa irin wanda rabonmu da shi tun wanda ya ci tsohon gari. Samarin Tibiri suka aiko wa na Jiratawa da mu na Maraɗi cewa a fito da gorunan hawan ruwa a ga maza. Na lallashi Baba ya raka ni kallo, ya ƙi, sai da na ce jakin da zan hau ba ya yarda da ni in ba shi, sannan ya tashi yana ƙunƙuni.

Yaya, da ka ga kwanar nan ta gindin gawo! Ruwa ja wur yana tasowa yana naɗewa, raƙumi bayan raƙumi, wani ya fi mutum tsawo. Na kifa ciki bisa gorata na shiga. In raƙumin ya ɗauke ka sai ka ji ba ka da nauyi, iska na kaɗa kunnuwa, itatuwan gaɓa na gudu da baya, ba ka san lokacin da kake ihu ba. Sau biyu ina kifewa, na sha ruwa har na ƙoshi, 'yan Tibiri suna ta yi mana dariya. Wani cikinsu, Tanimu, ya ɗaga murya ya ce ai hawan ruwa ya ƙare a gidanmu tun da Dogo ya tsufa. Bai san Dogon, wato Baba, na zaune bayansa ba.

Ban ankara ba sai na ga Baba ya tuɓe riga ya ɗaure wando, ya karɓe gorar daga hannuna. Na riƙe shi ina roƙo, ya ce in sake shi, ya san ruwan nan tun ban zo duniya ba. Ya bar ƙananan suka wuce, ya jira babban, sannan ya faɗa. Wallahi kamar an ɗora shi bisa doki. Ya bi ƙirjin ruwan a karkace, hannu guda a sama, har ya sha kwana muka daina ganinsa. Muka bi gaɓa da gudu cikin taɓo, ni da Tanimu da sauran, ina salati, ina tunanin da wane baki zan faɗa maka.

Can ƙasa muka jiyo faɗa. Ashe ruwa ya tofar da shi cikin dawar wata gwauruwa 'yar Jiratawa, Tasalla, ya kwantar mata da kunya guda. Tana tsaye da hauya tana ce masa tsoho da furfura bai ji kunyar wasan yara ba, shi kuwa yana zaune cikin laka rungume da gora, yana dariya har da hawaye. Da ta gaji da faɗan ta dama masa fura, ya shanye ƙwarya guda ya nemi ƙari. Tanimu ya durƙusa ya ba da haƙuri, Baba ya ce ya tashi, ai shi ya kamata a gode wa. Tsohon doki dai sai mai sani.

Tun ranar yake cin abinci, yana fita masallaci yana tsokanar mutane. Sai dai kullum da hantsi yakan sa wankakkiyar riga, ya ƙulle goro, ya ce za shi Jiratawa duba dawar da ya ɓata. Dawar kuwa ta miƙe tuni. Kai ne babba, shi ya sa na ce bari ka ji daga bakina. In ka samu mai zuwa, ka aiko da turmin atamfa mai kyau, don ina jin kafin a gama girbi za a nemi waliyyai.

Ramatu da ƙanwarmu Zuliha suna gaishe ka. Kawu Hamidu ya ce yana nan yana addu'a. Ka gai da Atika, ka shafa mini kan yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙanenka,
Sha'ibu