Campbell Huɗu a Gini Ɗaya

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa daga Doha. Yaya jikin Mama? Ina maigidan da yara? Da fatan cutar nan ba ta iso gare ku ba. Ni dai tun ranar Talata hankalina bai kwanta ba.

Ina tuƙa tuwon rana aka bugo daga asibiti. Wata mata ta ce, "Ke ce matar Campbell? An sa masa na'urar numfashi." Sai muciya ta suɓuce mini. Kwanan mijina Dauda tara ke nan a killace saboda korona. Na yi ta kiran wayarsa, shiru. Ba a barin kowa ya shiga wurinsu, sai na zauna a ƙasa ina kuka.

Sai da la'asar ya kira, ashe barci yake yi. Wani Campbell ne ɗan Jamaika aka sa wa na'urar, lambobinmu aka rikita. Ni da na ɗauka sunan nan na gidan mijina ne kaɗai, tunda kakansu ya same shi wurin malamin mishan ɗan Sikotilan! Dauda ya ce su huɗu ne masu sunan a ginin, har da Bature da wani ɗan Saliyo.

Jiya ɗan Jamaikan ya rasu, tarin Dauda kuma bai lafa ba. Yanzu duk lokacin da waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Saura uku, Yaya, kuma ban san matar wa za a kira ba.

Ku sa mu a addu'a, amma kar ki faɗa wa Mama. A gaida su Kawu.

Ƙanwarki,
Saratu