Kofin da Baba Ya Gina

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Takarda kuwa dole ka karanta ta har ƙarshe, ko da kana tsaki.

A kan maganar ɗauke Baba ya koma wajenka ne. Na san ka gyara masa ɗaki, na kuma san tausayina kake ji. Amma Yaya, Baban da ka bari ba shi ne na yanzu ba. Ka tuna bayan shanyewar ɓarin jikin nan, yadda yake wuni yana kallon kekensa na ɗinki, hannun dama a kan cinya kamar na aro? To yanzu ni nake roƙonsa ya tsaya ya karya kafin ya fita.

Tsohon siton nan na bayan layinmu ne aka mayar cibiyar fasaha ta unguwa, ko da yake har gobe Sito kowa ke ce masa. Babu mai ɗaukar albashi a ciki. Dogo mai walda ne ya haɗa kantoci da kujeru, Hedimasta mai ritaya yana koyar da zane, Nas kuma in ta taso daga asibiti ta biyo ta share wurin. Ɗakin yumɓu yana hannun wata dattijuwa da muke kira Maginiya, mai faɗa kamar me. Ita ce ta dubi Baba ranar da na ja shi can ta ce, "Tela, har hagun ɗin ma ya shanye? Zauna." Ya kuwa zauna.

Aikin yumɓu ba a gama shi rana ɗaya. In mutum ya tashi, sai a ɗora nasa a kan kanta a lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma, kullum da yamma mai aikin ranar ya bi ya sake jiƙa tsummokaran don kada kayan su bushe su tsage. Haka suke karɓa-karɓa, ba a taɓa fashi ba. Wallahi mutanen nan suna burge ni.

Ga shaida nan na ba direba ya kawo maka, kofin farko da Baba ya gina. Daga wurin gashi na ɗauko shi da ɗuminsa, ko shi kansa bai gani ba. Ka duba da kyau, sannan ka gaya mini ko wanda ya yi wannan zaman ɗaki ne ya dace da shi.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, kuma na karanta har ƙarshe, tsaki ɗaya kawai na yi. Muna lafiya.

Kofi ya zo bai fashe ba. Na juya shi na sake juyawa. Bakinsa daidai, gindinsa daidai, mariƙinsa kamar na kanti. Antinki ta ce a saka shi cikin kayan baƙi. Ban taɓa zaton hannun hagu zai yi irin wannan aiki ba, kuma na yarda kin fi ni gaskiya a wannan karon. Zan dakatar da maganar tafiya.

Jiya na kira Baba na yaba masa, na ce ko lotsawa ɗaya babu a jikin kofin. Sai ya ce in sake faɗa. Na sake faɗa, na kuma tura masa hoton a wayarki. Daga nan bai ƙara cewa komai ba. Wataƙila daɗi ne ya hana shi magana. Ki gaishe shi, ki gaishe da mutanen Siton naku.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa a gurguje, don raina a jagule yake. Ba daɗi ne ya hana Baba magana ba.

Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya miƙo mini wayar ya ce, "Wannan ba nawa ba ne. Nawa bakinsa ya karkace, kuma akwai rami a gefe inda babban yatsana ya nutse." Na ce ko an yi musanya ne. Ya ce a'a, ga alamar almakashin da ya zana a gindi.

Washegari na tafi Sito a fusace. Maginiya ta tara su, ta ce wa ya taɓa kofin Tela. Hedimasta ne ya fara sunkuyar da kai. Wai ranar da ya jiƙa tsumma ya ga bakin ya karkace, shi ne ya ɗan miƙe shi, ɗan kaɗan, don kada Baba ya karaya. Nas ta dafe ƙirji ta ce ita ramin kawai ta cike. Dogo ya sosa ƙeya ya ce shi mariƙin ne ya ga ba zai yi ƙarko ba, kuma ka san mai walda ba ya iya wuce abin da bai zauna ba. Kowa yana zaton shi kaɗai ne! Maginiya ta balbale su da faɗa har muryarta ta dishe, can kuma ta yi ƙasa da ido ta ce gindin dai ita ta daidaita shi.

Da ba Babana ba ne, da na yi dariya har na faɗi. Amma da na koma na ba shi labari, cewa ya yi, "Ashe tausayina suke ji. Ni ina ta murna, su suna bin bayana suna gyara." Tun ranar bai sake leƙa Sito ba. Ya koma kujerar nan ta gaban keke. Yau da safe ya ce in gaya maka ka zo ka ɗauke shi, tunda ko can ko nan zama ne.

Na gaya maka kamar yadda ya ce. Amma ban so ba, Yaya, kuma kuka nake yi.

Auta

*

Auta,

Ina gaisuwa. Ki share hawayenki. Zan zo ƙarshen wata, tunda shi ya nema.

Abin da na daɗe ina so ke nan, amma ban ji daɗin samunsa ta wannan hanya ba. Na fitar da kofin daga cikin kayan baƙi na ajiye a teburina. Na so in ji haushin mutanen nan, na kasa. A inda nake, maƙwabcina bai san sunana ba, balle ya damu da karkacewar kofin mahaifina. Sun yi kuskure, amma irin kuskuren da sai mai ƙaunarka yake yi.

Kada ki matsa masa. Allah ya zaɓa mana mafi alheri.

Yayanki

*

Yayana,

Assalamu alaikum, ina yini, ya yara? Ga abin da ya faru.

Shekaranjiya bayan la'asar suka zo gida su duka. Na zaci haƙuri za su yi ta bayarwa har su ishe shi. Hedimasta ya gyara murya zai fara jawabi, Maginiya ta ce ya adana shi. Ta dire curin yumɓu a kan teburin keken Baba ta ce, "Tela, mun ɓata maka kofi, ba mu da bakin magana. Mun kafa doka, mai jiƙa tsumma ba ya taɓa aikin kowa. To amma ka ga waɗannan? Ban yarda da hannun ko ɗayansu ba, har da nawa. Muna neman mai jiƙa tsumma ranar Laraba, wanda ya san zafin abin."

Baba ya ce, "Da hannu ɗaya?"

Ta ce, "Masu biyun ai ka ga abin da suka yi."

Dogo ya kasa riƙe dariya. Baba bai yi ba, bai kuma ce musu e ko a'a ba. Da suka tafi na zo zan ɗauke yumɓun, sai ya ce in bar shi, in kawo tsumma da ruwa kada ya bushe. Iyakar abin da na sani ke nan. Jakarsa dai tana nan a ɗaure a bakin gado.

Taka,
Auta

*

Babban ɗana,

Ina gaishe ka da iyali. Da hagu na rubuta, ka yi haƙuri da rubutun.

Ga wani kofi nan da na gina wajen direba. Bakinsa a karkace yake, in za ka sha shayi ka juya ta gefen ramin, nan ne ba ya zuba. Kada matarka ta sa shi cikin kayan baƙi.

Ka zo ƙarshen wata mu gaisa, amma ka bar wa yara ɗakin nan. Ina da aiki ranar Laraba. Wannan makon na ɗaga tsumma na ga tulun Hedimasta ya karkace kamar zai faɗi. Hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Na jiƙa, na rufe, ban taɓa ba.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka